Baƙon Icce da Abokan Saiwarsa a Kan Fako

Malam, na karanta tambayarka, kuma na gode da yadda ka zayyana komai dalla-dalla. Ka ce ƙungiyar manoman ƙauyenku da ke yankin Gazawa ta haƙa ramukan rabin wata a kan wani fako da aka daɗe da barin nomansa, kuka dasa ƴan itatuwan da wani furoje ya kawo muku, wato akasiyar Ostareliya da furosofis da turare da dogon yaro, yau damina biyu ke nan, amma mafi yawansu sun tsaya cak, ganyensu ya koma ruwan ɗorawa, wasu sun bushe, alhali ƴan ragowar akasiyar da kuka dasa a gefen wata tsohuwar gonar wake har sun fi mutum tsawo. Ka ƙara da cewa wani ɗalibi ɗan garinku ya gaya muku baƙon icce ba ya kamawa sai an zo masa da ƙwayoyin halittar ƙasarsu, shi ya sa kake son sanin ko maganar gaskiya ce, ko akwai abin da za ku saya, ko kuwa ku haƙura da baƙin itatuwa gaba ɗaya.

Ɗalibin nan bai yi ƙarya ba, sai dai ya ɗauki rabin magana ya bar rabi. Gaskiya ne icce yana da abokan zama a cikin ƙasa waɗanda ido ba ya gani, kuma idan babu su, musamman a ƙasa maras ƙarfi irin tamu, da wuya ya yi abin kirki. Amma mafi yawan baƙin itatuwan da ake dasawa a jihar Maraɗi ba su bukatar a je Ostareliya ko Indiya a ɗebo musu komai, domin abokan da suke nema suna nan a gonakinmu, a gindin gawo da saiwar wake da ta gyaɗa. Abin da ya same ku, a iya fahimtata, shi ne kun sauke baƙo a unguwar da masu gida suka daɗe da tashi. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a harkar icce wannan karin magana tana nan daram yadda aka faɗe ta.

Bari in fara da abokin da za ka iya ganin gidansa da idonka. Idan damina ta yi tsakiya, ka shiga gonar wake ko ta gyaɗa da ƴar hauya, ka haƙo shuka ɗaya a hankali, kada ka fizge ta, ka wanke saiwar a cikin ƙwarya. Za ka ga ƴan gudaji manne a jikinta, wasu kamar ƙwayar gero, wasu sun kai ƙwayar dawa. Ka tsaga ɗaya da farce. Idan cikinsa ja-ja ne kamar ɗanyen nama, to ana aiki a ciki. Idan fari ne, ko bai fara ba ko kuma wanda ya shiga gidan ba ma'aikaci ba ne. Idan ya koma kore ko baƙi, ya tsufa. Mazauna wannan gida bakteriya ne da masana ke kira rizobiyom, kuma aikinsu shi ne kama sinadarin naitirojin, wanda masu karatun Faransanci ke ce wa azot, daga iskar da ke ratsa ƙasa, su mayar da shi abin da shuka za ta iya sha. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma babu shukar da ke iya ɗibarsa da kanta, shi ya sa manomi yake sayen buhun yuriya da tsada alhali abin yana yawo a bisa kansa. Ita kuma shuka tana biyan bakteriyan da sukarin da ganyenta ke haɗawa da hasken rana. Tun a 1888 wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Beijerinck ya ware waɗannan bakteriya ya rene su a ɗakin bincike, don haka ilimin ba na jiya ba ne. Sai dai ka kula kada ka rikita waɗannan gudaji da kumburin da tsutsar ƙasa ke sa wa saiwar tumatir da kuɓewa a lambu: gudajin rizobiyom a gefe yake, in ka murza shi sai ya fita ya bar saiwa lafiya, kumburin cuta kuwa jikin saiwar ne da kansa ya kumbura.

Ba kowane icce ne yake wannan ƙawance ba, kuma nan ne mutane da yawa suke kuskure, har da wasu masu rubuta takardun furoje. Gawo da bagaruwa da dakwara da kandili da kirya suna yi. Tsamiya da kalgo da dirga, duk da cewa danginsu ɗaya da wake, ba su yin gudaji. Dogon yaro, wanda asalinsa daga yankin Indiya yake, da turare na Ostareliya, ba su ma cikin dangin. Ke nan biyu daga cikin itatuwa huɗun da kuka dasa ba su da hanyar samo wa kansu naitirojin daga iska, sai abin da suka tarar a ƙasa, kuma fako ba ya da abin ba su. Sauran biyun suna iyawa, amma kowanne da irin abokin da yake karɓa. Binciken da aka yi a Dakar a farkon shekarun 1980 ya nuna cewa gawo da akasiyar Ostareliya da muka fi sani suna ƙulla zumunci da rukunin rizobiyom mai jinkirin yaɗuwa, wanda shi ne rukunin da wake da gyaɗa suka fi hulɗa da shi, yayin da dakwara da bagaruwa da kandili suka fi karɓar rukunin mai saurin yaɗuwa. Wannan ne ya sa ban yi mamakin labarin tsohuwar gonar waken nan ba. Ba na cewa shi kaɗai ne dalili, domin gonar da aka noma ta fi fako laushi da shan ruwa da ragowar taki, amma ina da yaƙinin cewa in ka haƙa gefen saiwar ɗaya daga cikin waɗanda suka yi girma, za ka tarar da gudaji masu jan ciki. Waɗannan halittu suna da juriya fiye da yadda ake zato, har an taɓa samun su a Senegal a ƙarƙashin gawo a zurfin mita 34, kusa da ruwan ƙasa, inda saiwarsa ta bi.

Aboki na biyu ya fi na farko muhimmanci a wurinmu, ga shi kuma ba shi da wani gida da za a nuna da yatsa. Dangin funfuna ne da laimar kwaɗi, ana kiran zamansa da saiwa maikoriza, sunan da wani Bajamushe mai suna Frank ya raɗa a 1885, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari na nau'o'in tsirran duniya suna zaune da shi. Jikinsa zare ne da ya fi na gizo-gizo siranta nesa ba kusa ba. Yana kutsawa cikin ƴan ƙananan saiwoyi, sannan ya bazu waje cikin ƙasa, ya shiga ƙofofin da saiwa ba za ta iya shiga ba, ya jawo sinadaran abincin shuka irin su fosfaras da zinki, da ɗan damshi, ya kai wa icce, icce kuma ya ciyar da shi. Dalilin muhimmancinsa shi ne fosfaras ba ya tafiya a cikin ƙasa kamar yadda naitirojin ke bin ruwa. Saiwa tana shanye wanda ke daf da ita cikin ɗan lokaci, sauran kuma yana nan tazarar yatsa ɗaya amma ba ta kai gare shi. Rairayin Nijar yana cikin ƙasashen noma mafiya ƙarancin fosfaras, kuma gwaje-gwajen da aka daɗe ana yi a tashar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, sun nuna cewa rashinsa ne yake fara tauye hatsi tun kafin rashin naitirojin. Wani abin lura kuma shi ne gudajin rizobiyom da kansa mai cin fosfaras ne sosai. Idan babu zaren nan, gudaji ba ya yawa kuma ba ya aiki da ƙarfi, don haka akasiyar da ta rasa aboki na biyu tana iya rasa amfanin na farkon ma.

Magarya tana cikin itatuwan da suka fi dogara da wannan zare, kuma ita ce ta ba mu misalin baƙuntar da ta fi burge ni. Magaryar nan mai manyan ƴaƴa da ake kira tuffar Sahel irin Indiya ce da aka yi wa aure a kan gindin magaryarmu ta gida. Saman baƙo ne, gindin ɗan gari ne, ya san ƙasar kuma ya san mazaunanta.

Akwai kuma wani nau'in maikoriza wanda ba ya zurfafawa cikin saiwa, lulluɓe bakinta yake yi kamar safa, kuma a nan ne maganar ɗalibinku ta fi kama ƙasa. Itatuwan dajinmu na Sahel ba su cika zama da shi ba, saboda haka ƙasarmu ba ta da shi da yawa, amma turare da akasiyoyin Ostareliya sun san shi tun daga gida. A ƙasashe da dama na Afirka an yi ta ƙoƙarin renon itacen fayin, baƙon icce mai ganye kamar allura, yana mutuwa yana ƙarami, har sai da aka ɗebo ƙasa daga gindin fayin da ya riga ya kama a wani wuri aka zuba masa, sannan ya miƙe. Haka ma filawo, itacen da aka fara jerawa tun 1948 a gaɓar tekun Senegal tsakanin Dakar da Sanluwi domin tsayar da tudun rairayi: abokinsa wata bakteriya ce daban da ake kira Farankiya, wadda ba kowace ƙasa ke da ita ba, shi ya sa masu renonsa suke daka gudajin tsofaffin itatuwa su zuba wa ƙanana. Masana na IRD, cibiyar bincike ta Faransa, a Senegal sun sa wa akasiyar Ostareliya irin wannan funfuna mai lulluɓi tun tana cikin leda, kuma ta fi wadda ba a sa wa ba girma bayan an dasa. Amma wannan ƙari ne a kan alheri. Akasiyar tana karɓar nau'in farko ma, wanda yake ko'ina a gonakinmu, kuma na ga ta yi girma mai kyau a ƙauyukan da ba a taɓa kai musu komai daga ɗakin bincike ba.

Yanzu mu koma kan fakon naku. Rayuwar ƙasa mafi yawanta tana cikin taƙi ɗaya na sama, inda saiwoyin ciyawa da ruɓaɓɓen ganye suke, kuma wannan ɓangaren ne iska da kwararar ruwa suke fara kwashewa idan an bar ƙasa tsirara. Abin da ya rage shi ne ƙasar ciki mai tauri, wadda samanta ya toshe kamar daɓe. Funfunar nan mai kutsawa cikin saiwa ba ta iya ci ko haihuwa sai a jikin saiwa mai rai. Ƙwayayenta suna iya jira na wani lokaci, amma shekara bayan shekara ba tsiro, ga zafin bazara da ke sa fuskar ƙasa ta haura digiri 50 da tsakar rana, sai su yi ta raguwa har su kusa ƙarewa. Rabin wata yana gyara matsalar ruwa, kuma aiki ne mai kyau ƙwarai, sai dai ruwa kawai yake tarawa da ɗan abin da ruwan ya ɗauko. Da a ce ni aka tambaya tun farko, da na ce a haƙa ramukan, a zuba taki daga garke, a watsa irin gamba da ƙyasuwa, a shimfiɗa kara da rassa a bar gara ta ci ta huhhuda daɓen, a bar wurin ya yi damina ɗaya da ciyawa kafin a kai masa icce. Takin da ƙurar da karan ke tarewa suna zuwa da ƙwayoyin rai, saiwar ciyawa kuma ita ce ke ciyar da funfunar har ta yawaita. Masu furoje ba su son jin wannan domin ana auna aikinsu da yawan itatuwan da aka dasa a shekara, amma jinkirin damina ɗaya ya fi asarar damina uku.

Wuri na biyu da ake ɓata aiki shi ne wajen reno, wato pepiniyar. Akwai shekarar da aka tura ni duba wani wurin reno da ke shirya dubban ledoji. Da na isa na ga ƴan itatuwa kore shar, kowa yana yaba su. Na ɗauki leda ɗaya na tsaga, na wanke saiwar a bokiti, ban ga ko gudaji ɗaya ba, saiwar kuma ta nannaɗe a ƙasan leda kamar gammo. Na tsaga ta biyu da ta uku, duk haka. Da na bincika sai na tarar an cika ledojin da yashin da aka haƙo daga rami mai zurfi saboda ya fi tsabta kuma ba ya da irin ciyawa, sannan ana narka yuriya a ruwan ban-ruwa domin ganye ya yi kyau kafin baƙi su zo. Icce yana da lissafi: idan yana samun naitirojin a ɓagas ba ya ɓata sukarinsa wajen gina wa bakteriya gida, haka kuma idan an cika masa takin fosfaras mai saurin narkewa yana rage karɓar funfuna. Waɗannan ƴan itatuwa sun tashi ba su san kowa ba, aka kai su fako inda babu kowa. Da na koma wurin dashen bayan rani, mafi yawansu sun zama ƙirare, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mutanen ƙauyen ne aka ɗora wa laifi, aka ce ba su yi tsaro ba, alhali sun yi iyakar ƙoƙarinsu.

Gyaran wannan ba ya bukatar kuɗi. Ku yi renon da kanku. Ku nemi icce lafiyayye na irin wanda kuke son renawa, ko ɗan rukuninsa: don akasiyar Ostareliya, ku je gindin waɗanda suka yi girma a gefen gonar waken nan, ko gindin gawo, don dakwara da bagaruwa, ku je gindin tsohuwar dakwara ko bagaruwa. Ku share busasshen ganyen sama, ku ɗebi ƙasar da ke cikin taƙi ɗaya na farko, wajen da inuwar rassa ta ƙare, tare da ƴan siraran saiwoyin da ke cikinta, kaɗan-kaɗan daga itatuwa da yawa domin kada a cutar da guda ɗaya. A ɗebe ta da sanyin safiya, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, kada a bar ta a rana, kuma a yi amfani da ita cikin kwana biyu ko uku. Cikin hannu ɗaya a kowace leda ya isa, a sa shi daidai inda saiwar farko za ta ratsa, sauran ledar kuma a cika ta da ƙasar gona da ruɓaɓɓen taki. Idan kun samu gudaji masu jan ciki, ku daka su a ruwan rijiya, ba ruwan famfo mai magani ba, ku yayyafa wa ƴan tsiron da yamma. Irin akasiya yana bukatar a zuba masa tafasasshen ruwa kafin shuka domin ɓawonsa ya yi laushi, to a gama wannan tukuna, irin ya huce, sannan ya haɗu da ƙasar mai rai. Kada a shafa masa maganin funfuna irin wanda ake gauraya wa irin gyaɗa, kuma kada a sa yuriya. Garin dutsen fosfat na Tawa, in kun samu, ya dace da wannan aiki domin a hankali yake narkewa, funfunar kuma tana taimakawa wajen kai shi ga saiwa.

Idan ledojin suna da yawa har ƙasar gindin itatuwa ba za ta isa ba, ana iya ninka ta. A yi ɗan fangali, a gauraya ƙasar da aka ɗebo da yashi, a shuka hatsi ko masara tare da wake, a yi ban-ruwa kamar wata uku, sannan a yanke ruwa a bar su su bushe a tsaye, a sare saman, a daddatsa saiwoyin a gauraya da ƙasar fangalin. Wannan gaurayen shi ne irin da za a riƙa sawa a leda. Haɗarin wannan hanya shi ne ƙasa tana iya zuwa da abin da ba a gayyata ba, don haka a guji ɗiba daga gonar da ƙuduji ya kama ko lambun da saiwar tumatirinsa ke kumbura. Ina kuma ba ku shawara ku ware leda ashirin da aka sa wa wannan ƙasa da ashirin da ba a sa wa ba, ku jera su wuri ɗaya, ku ba su ruwa ɗaya, bayan wata biyu ku tsaga uku-uku a gaban ƴan ƙungiya. Gani ya kori ji.

Game da saye kuwa, ba na ba ku shawarar kashe kuɗin ƙungiya a kan ƙullin garin da za ku samu a kasuwa. Wanda aka fi sayarwa a yankinmu na waken suya ne, kuma ba domin icce aka zaɓe shi ba. Ban da haka, abin da ke cikin ƙullin mai rai ne, zafin shago da na mota yana kashe shi, kuma mai saye ba shi da hanyar ganewa. In kuna son taimakon masana, ku tuntuɓi cibiyar binciken noma ta ƙasa, wato INRAN, da ke Tarna ko sashen aikin gona na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a nan Maraɗi, ku kuma sanar da ma'aikacin gandun daji na yankinku abin da kuke shirin yi.

Sauran tambayarka ita ce ko ku bar baƙin itatuwa, kuma a nan dole in yi maganar ɗaya fuskar wannan ƙawance. Baƙon da ya samu abokai ya zauna da ƙafafunsa yana iya fin ƙarfin mai gida. Furosofis, wanda asalinsa daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu yake, yana kama naitirojin, yana jure fari, dabbobi suna cin ƴaƴansa su watsa irin a kashinsu, kuma da wannan ne ya mamaye wurare masu faɗi a bakin tafkin Cadi ta wajen Diffa, ya toshe gonaki da hanyoyin masunta, kamar yadda ya yi a yankin Baringo na Kenya da Afar na Habasha. A Afirka ta Kudu akasiyoyin Ostareliya ne suka zama annoba, har gwamnati ta kafa shiri na musamman a 1995 domin sare baƙin itatuwa a bakin koguna. Akwai kuma sauyin da ba a gani. Binciken da aka yi a Senegal da Burkina Faso ya nuna cewa gonar turare ko ta akasiyar Ostareliya tana canza nau'o'in ƙwayoyin da ke cikin ƙasar da take, har abin ya taɓa bakteriyan da gawo ke dogara da su. Saboda haka ni dai ba na yarda a dasa furosofis kusa da fadama ko tabki ko bakin gulbi, kuma wanda kuka riga kuka dasa ku riƙa sassabe shi kafin ya zubar da ƴaƴa. Turare mai shan ruwa ne, wurinsa inda ruwan ƙasa yake kusa kuma nesa da gonar hatsi, ba fako ba. Dogon yaro ya yi mana rana a cikin gari da kasuwanni, kuma jerinsa da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 ya nuna yana tare iska, amma shi ma yana son ƙasa mai zurfi, ba icen tayar da matacciyar ƙasa ba ne.

Akasiyar Ostareliya ce kaɗai daga cikin huɗun nake ganin tana da aiki a fakonku. Wadda aka fi yaɗawa a nan, mai suna Acacia colei a rubutun masana, tana girma da sauri, dabbobi ba su cika damuwa da ganyenta ba, tana zubar da ganye mai yawa da ke rufe ƙasa, tana ba da itacen girki, kuma ƴaƴanta suna da furotin sama da kashi 20 cikin ɗari, har an gwada gauraya garinsu da na hatsi a ƙauyukan Maraɗi. Amma saiwarta a sama take, tana gasa da hatsi in ba a rage mata rassa ba, kuma ba ta da tsawon rai. Baƙo raɓa ne, haka ya kamata ku ɗauke ta. A jera ta layi-layi ta tare iska ta tara ganye da ƙura, a tsakanin layukan kuma a sa dakwara da bagaruwa da magarya da aduwa, waɗanda za su gaji wurin idan ta tafi. Gawo a kai shi gefen da rairayi yake da zurfi, domin ba ya son ƙasa mai daɓe a ƙarƙashi.

Kafin duk wannan, ku zagaya filin da ƙafa ku duba ko akwai kututture mai rai. Mu mutanen Maraɗi bai kamata a tuna mana wannan ba, domin a ƙasarmu aka gano shi. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya yi aiki da ƙungiyar mishan ta SIM, ya sha wahalar dashen da ba ya kamawa kafin a 1983 ya lura cewa ƴan tohon da manoma ke sassabewa kowace shekara rassan itatuwa ne da gindinsu ke raye a ƙasa. Daga nan sassabin zamani, wato barin tohon kututture a rene shi ya zama icce, ya samo asali, ya bazu bayan yunwar 1984, har aka ƙiyasta ya kai kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200, mafi yawansu a jihohin Maraɗi da Damagaram. Akan ce sirrinsa shi ne tsohuwar saiwa mai zurfi da ta riga ta kai ga damshi, kuma haka ne. Ni ina ƙarawa da cewa tsohuwar saiwar nan ba ta taɓa rabuwa da abokanta ba: gudajinta da zarenta suna nan, ba wanda ya cire ta daga leda ya kai ta inda ba ta san kowa ba. Ko sabara da kalgo, da ba su kama naitirojin, gindinsu matattarar rai ne, yana tare ƙura da ganye, kuma bincike a Senegal ya nuna suna jawo ruwa daga ƙasa mai zurfi da dare su saki a sama, hatsin da ke kusa ya amfana. Idan kun samu ko da tsirarun irin waɗannan a gefen fakon, ku tsare su, ku dasa sababbin itatuwanku kusa da su, aikin ya faro daga nan ya ci gaba zuwa tsakiya.

Ban manta ba cewa ganye yana komawa ruwan ɗorawa saboda wasu dalilan: ramin da bai huda daɓen ƙasa ba, ruwan da ya kwanta ya shaƙe saiwa, gara, ko dashen da aka makara. Da yawa ana jiran ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa ta ƙasa, alhali a wajenmu ruwa yakan ɗauke a cikin Satumba. Wanda ya dasa a Yuli bayan ruwa mai ƙarfi ya ba icce ƙarin makonni na kafa saiwa da neman abokai kafin rani. Domin mu rarrabe tsakanin waɗannan dalilai, ina so idan ƙasa ta jiƙa ka haƙo uku daga cikin akasiyoyin da suka tsumbure, da ƙasarsu, ka kuma tona gefen uku daga cikin na gonar waken ba tare da ka tumɓuke su ba. Ka wanke saiwoyin, ka duba ko akwai gudaji da launin cikinsu, ka duba ko babbar saiwa ta nutsa ƙasa ko tana nan a nannaɗe da siffar leda, ka kuma auna da sanda zurfin da ruwa ya ratsa a cikin ramin. Waɗanda ka tarar saiwarsu ta miƙe amma babu gudaji, ba sai an cire su ba: a tona musu ɗan rami a gefe, a zuba cikin hannu biyu na ƙasar gonar waken da ɗan taki, a rufe da kara, a ba su wannan daminar.